Bakaniken da Ke Jin Inji, Ba Ya Jin Umma

Babana bakanike ne. Shekara arba'in da 'yan kai yana sana'ar, kuma a duk layin garejinsu ba wanda ke kiransa da sunansa na gaskiya. Mai Kunne suke ce masa. Ni kaina sai da na shiga makaranta, malama ta tambaye ni sunan mahaifina na faɗa aji ya fashe da dariya, sannan na gane laƙabi ne.

Wata doguwar sukudireba ce ta jawo masa sunan. Mariƙinta na katako ne, ya yi baƙi ya yi santsi saboda shan hannu. Idan aka kawo mota ba ta da lafiya, Baba ba ya yarda a kwance ko noti ɗaya. Sai ya ce direba ya tada inji ya bar shi yana aiki a hankali. Ya ɗora tsinin sukudirebar a jikin injin, ya manna mariƙin a ƙashin da ke bayan kunnensa na dama, ya lumshe ido. Ya matsa nan, ya matsa can, kamar mai neman inda ɓera ya maƙale a bango. Can sai ya miƙe ya goge hannu ya ce, "Boris ɗin da ƙarfen ke juyawa a kansa ne ya ci," ko kuma, "Bawul ɗaya ne ke ƙara, na uku." A kwance injin a tarar haka ne. Ubangidansa ne ya koya masa ɗora mariƙin a bayan kunne tun yana ɗan shekara goma sha huɗu. Wai ya ce masa gaban kunne na surutun mutane ne, bayansa shi ne na aiki.

Baba mutum ne mai sanyin murya, ba ya faɗa, ba ya dogon zance. Aibinsa ɗaya, idan aibi ne: bai san hutu ba. Ƙarfe bakwai na safe yana kan bencin bakin ƙofa yana ɗaure takalmi, ruwa ake yi ko rana. An ce ranar da aka haife ni ma leƙowa ya yi asibiti da giris a hannu, ya ƙi ɗaukata don kada ya ɓata zanen, ya ce Allah ya raya, ya koma kan wata motar ɗaukar kaya da ya bari a buɗe.

Umma kuwa mai magana ce, amma ba mai ɗaga murya ba. Tana wanke kofi tana magana, tana ninke kaya tana magana, kuma yawanci daga bayan mutum take yi. Auren nasu haka ya ginu: ita ta yi ta zuba, shi ya riƙa cewa "Uhm," ko "To," ko "Kai, haba." Wannan 'yar amsar ta ishe ta. Mu uku muka tashi a cikin wannan sautin, ni da Yaya da ƙanwarmu, har muka watse gidajenmu muka bar su su biyu.

Ba wanda zai iya cewa ga ranar da "Uhm" ɗin ta fara raguwa. Umma ta ce kawai ta wayi gari ne ta ga tana gama labari ba a amsa ba. Ta kira shi daga kicin sau uku, yana zaune da kofin shayi bai motsa ba. Wurin cin abinci abin ya fi muni, sai ta ce masa abu yana tauna, ya ɗago ya dube ta kamar yanzu ta shigo. Ƙanwata ce ta fara cewa ko kunnen Baba ne ya yi nauyi. Umma ta yi mata wani kallo.

"Kunnen wa? Mutumin da ke jin ɗan ƙarfe yana kaɗawa a cikin cikin inji? Jiya-jiyan nan direban bas ya zo har gida yana yi masa godiya. Yana jin mota, ni ce ba ya ji. Kunnen uwar shegu yake yi da ni."

Gaskiya dukanmu mun ga hujjarta. Ni ma na gani. A gareji yana hira da direbobi lafiya lau, ana bugun ƙarfe ana tada inji, ba ya cewa a maimaita masa. A gida kuwa, inda ko allura ta faɗi sai an ji, nan yake zama kurma. Wane irin ciwo ne ke barin mutum a wurin aiki, ya jira shi a bakin ƙofar gida? Muka yanke hukunci a tsakaninmu cewa tsufa ya sa Baba ya gaji da surutu, muka riƙa tsokanarsa da shi. Shi kuma ya yi murmushi, don bai ji me muka ce ba.

Wata rana na je gida da hantsi na tarar da akwatin Umma a kan gado, a buɗe, ta jera zannuwanta a ciki. Akwatin nan shekara da shekaru yana saman durowa. Ta ce ta yi magana da Yaya, ƙarshen wata za ta koma gidansa da zama. Ba rabuwa ba ce, in ji ta, ba kuma faɗa suka yi ba. Ta gaji ne da magana da bango.

"Umma, a kan 'yar amsa za ki bar gidanki?"

Ta zauna a gefen gado ta daɗe tana lallaɓa gefen wani zane. Sannan ta ba ni labarin da ba ta taɓa gaya wa kowa ba. Shekara biyu da suka wuce ƙanwarta ta rasu, Innarmu, wadda su biyu kaɗai suka rage a ɗakinsu. Da baƙi suka watse gida ya yi shiru, da safe Baba ya zauna a benci yana ɗaure takalmi. Ta zo ta tsaya a bayansa.

"Na ce masa, Malam, kada ka fita yau, ka zauna da ni. Tun da aka kawo ni gidan nan ban taɓa roƙonsa ya bar aiki don ni ba. Ko da ina naƙuda ban roƙa ba. Ya gama ɗaure takalminsa, ya miƙe, ya buɗe ƙofa. Ko waiwaye."

Ba ta yi kuka ba, ni ce na yi. Raina ya ɓaci ƙwarai, kuma ni ba a san ni da haɗiye fushi ba. Na ja mayafina na nufi gareji da niyyar in faɗa wa mahaifina abin da ban taɓa faɗa masa ba.

Na same shi a tsakiyar direbobi ana ta shewa, wani yana daka masa tsawa a kan ƙarar inji yana amsawa daidai. Wannan ya ƙara tunzura ni. Na jira har ya shiga ɗan ɗakin da yake ajiye kayan aiki a baya, na bi shi na tura ƙofa. Ciki shiru, sai warin baƙin mai. Ya ba ni baya yana tsintar noti a cikin gwangwani. Tsakanina da shi bai fi taku uku ba. Na ce da muryata ta kullum, "Baba, Umma ta haɗa kayanta, za ta tafi."

Ya ci gaba da tsintar noti. Ya ɗaga ɗaya ya duba a hasken taga, ya mayar, har yana ɗan rera waƙa a maƙogwaro. Na sake faɗa. Ina ganin gefen fuskarsa, ko gira bai ɗaga ba. Duk iya shariyar mutum, ba zai ji wannan magana fuskarsa ta zauna haka ba. Fushina ya tsiyaye, tsoro ya maye wurinsa. Na taɓa kafaɗarsa, ya zabura har gwangwanin ya kife.

Sai da na ɗaga murya kamar direba muka yi magana. Ya amsa cewa ya daɗe yana jin mutane kamar daga cikin rijiya. Amma tunda injin yana jinsa sarai, ya ɗauka mutanen gida ne suka koma magana ƙasa-ƙasa. Da na ambaci asibiti ya leƙa waje ya rage murya.

"Ke, idan aka ji Mai Kunne ya je asibitin kunne, wa zai ƙara kawo mini mota?"

"Idan ba ka je ba, Baba, wa zai ƙara kawo maka shayi?"

Ban sake yi masa zancen akwati ba a ranar, amma ya ga idona. Ya ce to, sai dai mu tafi da sassafe kafin layin ya cika. Umma ma ta ce za ta bi mu, wai don ta ji da kunnenta likita ya ce lafiyarsa ƙalau.

Ɓangaren likitan kunne da hanci da maƙogwaro yana hawa na biyu, ƙarshen wani dogon baranda. Ban taɓa sanin mutum ɗaya ne ke duba ukun ba sai ranar. A kan benci akwai wata malamar makaranta da muryarta ta dishe tana magana da hannu, da wani dattijo mai auduga a hanci saboda haɓo, da wata mata da ƙayar kifi ta maƙale mata tun jiya, tana haɗiye yawu tana yamutsa fuska. Kusa da Umma wata ce ta kawo mijinta saboda minshari, tana ba kowa labari wai maƙwabta sun fara gaishe shi da "sannu da aiki." Mijin ya sunkuyar da kai yana wasa da katinsa. Umma ta so ta yi dariya, ta tuna fushi take yi, ta gimtse.

Likitar mace ce, ta manyanta, da 'yar fitila ɗaure a goshi. Baba na ganin fitilar ya ce irinta yake nema don shiga ƙarƙashin mota. Ta yi dariya, ta zaunar da shi a wata kujera mai juyawa. Na lura ba ta yi masa magana sai ta tsaya a gabansa yana kallon bakinta. Ta leƙa kunnuwansa da wani ɗan abu mai haske, sannan ta duba hanci, ta ce ya buɗe baki.

"Likita, kunne na kawo. Me ya haɗa shi da hanci?"

"Bututu ya haɗa su, Baba. Idan ɗaya ya toshe, ɗayan na iya shan wahala. Kai idan mota ta ƙi tashi, fulogi kaɗai kake dubawa?"

Baba ya gyaɗa kai, na ga ta shiga ransa. Ta ce hancin lafiya, maƙogwaro lafiya, kunne ba datti, dodon kunnen kuma ba huji ba kumburi. Umma ta gyara zama ta dube ni. Na ji "ai na faɗa" ɗin da ke idonta har cikin ƙashina.

Sai likitar ta buɗe durowa ta ɗauko wani ƙarfe mai yatsu biyu. Ta buga shi a gwiwarta ya ɗauki wani siririn amo, ta kai shi saitin ramin kunnen Baba. Ya ɗan saurara ya ce yana ji kaɗan, can ya ce ya ɗauke. Mu kuwa daga inda muke zaune muna jinsa. Ba ta sake bugawa ba, ta ɗora gindin ƙarfen a ƙashin bayan kunnensa, daidai wurin da fatar ta yi kanta saboda mariƙin sukudireba. Baba ya lumshe ido.

"Ga shi nan. Raɗau."

Ta yi haka a ɗaya kunnen, abu ɗaya. Ta taɓa kantar da yatsa ta tambayi me ya yi masa wannan. Na ba ta labarin sukudireba. Ta ajiye ƙarfen ta dube mu ɗaya bayan ɗaya, ta ce a kai shi gwaji tukuna. Aka shigar da shi wani ɗan ɗaki mai kaurin ƙofa, aka sa masa abu a kunne, yana danna maɓalli duk lokacin da ya ji ƙara. Muka dawo da takarda mai zane-zane.

Likitar ta juya kujerarta ta fuskanci Baba, amma na san da Umma take. Ta ce sauti hanya biyu yake bi ya shiga. Ɗaya ta iska, ta ramin kunne, ya bugi dodon kunne, wasu 'yan ƙasusuwa uku su miƙa shi ciki. Ɗayar ta ƙashin kai, kai tsaye. A kunnen Baba ƙaramin cikin ƙasusuwan nan, wanda bai kai ƙwayar shinkafa ba, shi ne ya daina motsi.

"Ya cije ke nan," in ji Baba.

"Ya cije. Can ciki kuwa inda ake ji, da sauran ƙarfinsa. Shi ya sa injinka ke isa, don ta ƙashi yake bi. Muryar mutum ta iska take zuwa, sai ta tarar da ƙofa a rufe."

Umma ta yi magana a karo na farko. "To a gareji fa, Likita? Can yana jin kowa."

"A gareji wa ke magana a hankali, Hajiya? Kowa ihu yake yi don ya rinjayi inji, kuma hayaniyar da ke damun su shi ba ta damunsa sosai. A gida ne ake magana da ladabi." Ta juya ga Baba. "Idan kana tauna abinci, kana jin ƙarar taunar ta cika maka kai?"

"Kamar ana niƙa tsakuwa."

"Kuma masu irin wannan sukan rage murya, don suna jin tasu muryar da ƙarfi. Ciwon yakan ɗauki shekaru yana shigowa a hankali. A yadda takardar nan ta nuna, wannan ba na bana ba ne, ba kuma na bara ba."

Na ga Umma tana lissafi da yatsu a kan cinyarta, na san shekarun da take ƙirgawa. Ni kunya ce ta rufe ni. Mu huɗu muka haɗu muka yanke wa mutum hukunci da hujjar da ita ce alamar ciwon nasa.

Likitar ta ce akwai aiki da ake yi a sauya ɗan ƙashin, akwai kuma na'urar da ake maƙalawa a kunne ta ƙara ƙarfin sauti. Ta faɗi amfanin kowanne da abin da ake tsoro, ba ta ɓoye ba. Baba ya ce a fara da wanda ba sai an sauke inji ba. Ya kuma tambaya ko na'urar za ta hana shi aikin sukudireba. Ta ce ya cire ta lokacin, ya mayar idan zai koma cikin mutane.

Bayan mako biyu muka koma aka sa masa. Abu na farko da ya yi ƙorafi a kai shi ne takalmina, wai ashe haka nake jan ƙafa. Umma ta tafi karɓo kati, muka rage mu biyu a baranda. Ta riga ta gargaɗe ni kada in tada zancen safiyar nan, ta ce ya wuce. Amma akwatin yana nan a kan kujera a ɗakinta, ba ta kwashe ba, ba ta kuma rufe ba. Ni kuwa cikina ba ya riƙe magana. Na faɗa masa duka, da muryata ta kullum, har da abin da ta ce a bayansa.

Ya daɗe yana kallon ƙasa. Ya ce yana tuna safiyar. Ya ga inuwarta a bango, ya ɗauka ta zo ta tsaya ne kawai. Ya ce a ransa mai baƙin ciki ba ya son a dame shi, gara ya fita ya bar ta ta huta. Ya zaro hankici ya goge ido, hankicin da tabon baƙin mai. Ban taɓa ganin hawayen Baba ba sai ranar, kuma ban ji daɗin ganinsa ba ko kaɗan.

Na kwana a gidan. Da safe ƙarfe bakwai ya fito da kayan aikinsa ya zauna a benci. Ya jawo takalmi ya sa ƙafa ɗaya, ya tsaya. Sai ya cire, ya jera su a ƙarƙashin benci, ya jingina da bango. Umma ta fito daga kicin da butar shayi, ta tsaya a bayansa. Ta yi magana ƙasa-ƙasa, yadda ta saba.

"Malam, ba ka makara ba?"

Ya waiwayo. "Ba na fita yau."

"Lafiya?"

"An ce in zauna. An daɗe da faɗa, jiya saƙon ya iso."

Umma ta harare ni ta taga, harara mai kyau, na san zan sha faɗa daga baya. Ta ajiye butar a ƙasa. Ta tsaya kamar za ta koma ciki, sannan ta zauna a ɗaya gefen bencin ta zuba shayi kofi biyu. Wani direba ya zo ƙofar gida yana danna oda yana kiran Mai Kunne, Baba ya ce in je in ce masa gobe.

Da na dawo ta fara. Labarin Inna take ba shi, tun suna yara, yadda take tsoron tsawa ta shige bayanta, da abin da ta ce mata ranar ƙarshe a asibiti. Tana magana tana kallon kofinta. Ta kai wani wuri ta yi shiru, ta ɗan saurara.

"Uhm," in ji Baba. "Ina ji. Ci gaba."